Alhaji Mamman Shata Katsina: Daga Faifan Goro Zuwa Faifan Garmaho

Duk wanda ya yi zaman Kudu a shekarun 1970 da 1980, ko a Agege da Idi-Araba cikin Ikko, ko a Sabon Ibadan, ko a Shagamu wajen 'yan goro, ya san yadda dare yake yi a zango. Idan an idar da sallar lisha an ci tuwo, sai wani ya ɗauko rediyonsa ya zare eriya, ya yi ta murɗawa har ya kamo Kaduna. In aka yi sa'a kalangu ya tashi, to, hira ta yanke ke nan. Mutumin Azare da ya kawo shanu, da Basakkwace mai gadi, da Bakano mai goro, kowa sai ya gyara zama, domin muryar da ke fitowa daga akwatin nan ta san garinsu, ta san sarkinsu, wata rana ma ta ambaci direban da ya ɗauko su daga gida. Muryar Alhaji Mamman Shata Katsina ce, wanda ya rasu a 1999 bayan ya shafe fiye da shekara 50 yana waƙa.

An haifi Muhammadu Shata a 1923 a garin Musawa ta ƙasar Katsina, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro. Gidansu Fulani ne, kuma babu makaɗi ko maroƙi a cikin zuriyarsu, wannan kuwa shi ne tushen rigimar farko da ya fuskanta. A wancan zamani sana'a gado ce. Ɗan maƙeri ya yi ƙira, ɗan mahauci ya yi fawa, ɗan makaɗi ya ɗauki ganga. Yaron da bai gaji roƙo ba ya tashi ya ce zai yi waƙa, a idon mutane ya zubar da girman gidansu ne, domin ana ganin mawaƙi da maroƙi duk jirgi ɗaya ya kwaso su, watau masu cin abinci da baki. Saboda haka mahaifinsa bai so ba ko kaɗan, ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya raba shi da abin.

Aka sa shi makarantar allo kamar sauran yara, sa'an nan aka ɗora masa tallan goro. A nan ne ya samo sunan da ya bi shi har kabari. Idan ya sayar da goron, maimakon ya kawo kuɗin gida, sai ya yi ta rabawa mutane a kasuwa da bisa hanya, ya dawo hannu rabbana. In an tambaye shi ina ciniki, sai ya nuna cewa ya yi shata da shi, wato ya watsar. Wani dattijo ɗan'uwansu ya riƙa kiransa Mai-shata, har sunan ya zauna. Daga baya ya koma tallan alewa. Mai talla kuwa dole ya ɗaga murya, dole ya san abin da zai faɗa wanda zai sa mai wucewa ya juyo, kuma ba mamaki wannan ce makarantarsa ta farko a sha'anin jan hankalin taro.

Makaranta ta biyu ita ce dandali. Da dare, musamman in da farin wata, samari da 'yan mata sukan taru a yi kiɗan asauwara, a yi waƙe-waƙe, wani ya jefa wa wani habaici, wancan ya rama. Ba kuɗi ake nema ba, suna ake nema. Mamman ya shiga wannan fage ya kere tsaransa, har ƙauyukan kewaye suka fara aikowa a zo da shi. Da abin ya yi nisa sai ya ajiye talla gaba ɗaya ya kama waƙa gadan-gadan, ko da yake gida ba su so.

Wanda ya fitar da shi daga Musawa shi ne Abdullahi Inde, ɗan sarautar garin, wanda yake aikin En'e a Bakori wajen sayen auduga da gyaɗa. Shi ya kira shi ya koma can. Bakori da Funtuwa a lokacin nan ƙasar kuɗi ce. Tun 1929 hanyar jirgin ƙasa ta ratsa daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta kai Ƙaura Namoda, ga injin gurzar auduga a Funtuwa, ga 'yan baranda da malaman sikeli da direbobin manyan motoci. Da kaka ta yi, aka kai auduga fulotin awo, kuɗi sai su shiga hannun mutanen da ba 'ya'yan sarauta ba ne. Su ma kuwa suna son a faɗi sunansu a gaban jama'a. Wanda ya gane wannan da wuri, kuma ya ci moriyarsa fiye da kowa, shi ne Shata.

A nan ya kamata a duba bambancinsa da manyan mawaƙan zamaninsa. Ibrahim Narambaɗa makaɗin kotso ne na Sarkin Gobir na Isa. Salihu Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi ne. Sarkin Taushin Katsina sunan sarautarsa ma ya faɗi inda yake. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, shi ma a fada ya tashi, da kotso, a Maradun. Waɗannan kowannensu yana da ubangida wanda ke ci da shi, ya ba shi riga da doki da gona, shi kuma ya wasa shi ya zambaci abokan takararsa. Waƙarsu shiryayya ce, a zauna da 'yan amshi a tsara ta, a yi ta bita har ta nuna, sa'an nan a kai fada. Shata bai bi wannan hanya ba. Ya yi wa sarakuna waƙa ƙwarai, amma bai yarda ya zama makaɗin fada ɗaya ba. Kayan kiɗansa ma kalangu ne, wanda asalinsa na mahauta ne da na 'yan mata a dandali, ba a lissafa shi cikin kayan sarauta kamar tambari ko kotso ko taushi. Da wannan kalangu na kasuwa ya shiga zaurukan sarakuna, kuma aka saurare shi.

Yadda yake aikin nasa abin lura ne. Shi ba ya riƙe kalangu, makaɗansa ke riƙewa a hammata, suna matsa tsarkiya suna saki, sautin yana hawa yana sauka kamar maganar mutum. Shi nasa ya tsaya a gaba, ya ba da amshi gajere, sau da yawa layi ɗaya tak, 'yan amshi su karɓa su riƙe shi kamar turke. Daga nan sai ya yi ta saƙa magana a kai, ya tafi nesa ya dawo, ya ambaci wanda ya shigo yanzun nan, ya tuna wata tafiya da suka yi bara, ya jefa karin magana, ya taɓa wani marowaci ba tare da kama suna ba, amshi kuwa yana nan bai gusa ba. Ba ya rubutawa, ba ya zaman bita. Shi ya sa waƙa ɗaya in ya yi ta a Kano ya sake yin ta a Kaduna, amshin ne kawai zai zama ɗaya, cikinta ya sauya. Shi ya sa kuma ko shi kansa bai san yawan waƙoƙin da ya yi ba.

Daga Bakori ya riƙa fita da jama'arsa zuwa Katsina da Kano, wadda ya fara shiga a ƙarshen shekarun 1940. Tauraronsa ya haska sosai a 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, a wani gagarumin biki da aka yi wa laƙabi da Bikin 'Yan Sarki, inda aka aurar da 'ya'yan sarauta wajen 12 a lokaci guda. Irin wannan taro yakan tara makaɗa daga ko'ina, kowa da ubangidansa da sanƙirarsa. Baƙon yaro daga ƙasar Katsina ya shiga ya fita da suna. Wanda Kano ta karɓa kuwa, Arewa ta karɓe shi. Wajen 1960 ya koma Funtuwa da zama, ita ce ta zama gidansa har ƙarshen rayuwarsa, ko da yake ya mallaki gidaje a wasu garuruwan, kuma rabin ransa a kan hanya ya yi shi.

To, sai zamani ya zo masa da abin da na gabansa ba su samu sosai ba, watau rediyo da faifai. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin a Kaduna, mai watsa shiri a gajeren zango, wanda ake kamawa a Ikko da Fatakwal, har Kumasi da Yamai da ƙasar Kamaru. Shirin Zaɓi Sonka ya ba mutumin da ke ci-rani damar ya aika da kati ya gai da iyayensa a Katagum ko Daura, ya zaɓi waƙar da za a sa musu. Waƙar Shata tana cikin waɗanda aka fi zaɓa. Mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba suka haddace muryarsa.

Faifai kuwa nasa sha'anin daban ne. Na farkon, na garmaho mai wani, baƙi ne mai nauyi, in ya faɗi ya fashe, allurarsa kullum sai an sauya, kuma kowane gefe minti uku ne da 'yan kai. Mawaƙin da ya saba ya tsaya a fili ya yi rabin sa'a a kan amshi ɗaya, a ce masa ya gama cikin minti uku, ai an ɗaure shi. Da babban faifai ya zo, mai ɗaukar wajen minti 20 kowane gefe, sai aka sami sarari. Kamfanonin faifai a Ikko suke, nan ne ɗakunan ɗaukar murya da injin buga faifan suke, kuma kamfanin EMI ya fitar da faifan Shata da dama. Saboda haka waƙar da aka haifa a Funtuwa sai ta biyo ta Ikko kafin ta koma Arewa cikin kwali mai hotonsa. Amma a cikin ɗaki babu taro, babu mai liƙi, babu wanda zai shigo a ambace shi. Masu kunnen abin sun daɗe suna cewa Shatan fili ya fi Shatan faifai zafi, kuma akwai gaskiya a maganarsu.

Sai kaset ya shigo a shekarun 1970 ya birkita komai. Rakoda mai batir ta shiga hannun direba da mai shayi da mai gadi. Duk wanda ke da rakoda biyu da kaset marar komai ya zama kamfani. A kasuwannin Kano da Kaduna da Jos, har da zangon Kudu, aka yi ta kwafar waƙoƙinsa ana sayarwa, wasu daga faifai, wasu daga rediyo, wasu an ɗauko su a wajen biki da hayaniyar jama'a a ciki. Ko kwabo ba ya shiga aljihun mai waƙar daga irin wannan ciniki. Dokar kare haƙƙin mallaka da gwamnatin soja ta kafa a 1988 ba ta hana komai ba a kasuwa. Shi kuwa abincinsa ba a faifai yake ba, a fili yake, wajen biki da suna da naɗin sarauta, inda ake ba shi kuɗi da riguna da dawaki har da motoci. Kaset ɗin sata ya ƙara kai sunansa inda ƙafarsa ba ta je ba, sunan kuma ya ƙara jawo gayyata. Asarar ta fi faɗawa kan magada da masu neman tarihi, domin yawancin waɗannan kaset babu kwanan wata a jikinsu, babu sunan wuri, babu sunan makaɗan da suka yi kiɗan.

Waɗanda ya yi wa waƙa ba su ƙirguwa. Akwai sarakuna da hakimai, akwai attajirai, akwai sojoji da ma'aikatan gwamnati, akwai direbobi da dillalai da 'yan kasuwa mata, har da masu bori. A cikin sarakuna babu wanda suka shaƙu da shi kamar Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojan Tarayya waƙoƙin ƙarfafa zuciya. Ya yi waƙar kiran mutanen Arewa su farka su nemi na kansu, ya yi ta noma, ya yi ta jan hankalin mata zuwa aure. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a Yulin 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, mutanen ƙauye da yawa a bakinsa suka fara jin labarin. Ya kuma fita waje, ya zaga ƙasashen Afirka ta Yamma inda Hausawa suke, ya je Ingila da Amurka, ya sauke farali a Makka.

Bakandamiyarsa ita ce waƙar da ya yi wa kansa, inda ya jera garuruwan da ya shiga da mawaƙan da ya kara da su ya kayar. Kowane babban mawaƙi yana da irin tata, Narambaɗa ma yana da ita, amma ta Shata ba ta da iyaka, kullum ya tashe ta sai ya ƙara mata wani abu. Wanda ke son ya san yadda mutumin yake kallon kansa, to, nan zai nema.

Ba a rufe cewa harshensa yana da kaifi. Zambo da habaici rabin makamin mawaƙi ne, shi kuwa ya iya su har abin tsoro. Waƙar Gagarabadau shaida ce, wadda ya yi wa wani abokin gabarsa, har yau in an sa ta sai a yi dariya, amma wanda aka yi wa da iyalinsa ba dariya suka yi ba. Ya yi saɓani mai zafi da wasu mawaƙa 'yan'uwansa, irin su Ali Makaho da Ahmadu Doka. Manya da yawa suna ba shi kyauta don ƙauna, wasu kuwa don gudun bakinsa, kuma shi ya san da haka. Akwai kuma waƙarsa da ya yi wasa da kalmar ruwa, alhali kowa ya san ruwan da yake nufi ba na rijiya ba ne. Ta yi farin jini a otal-otal da gidajen rawa, ta kuma jawo masa suka daga malamai da dattawa, waɗanda suka ga cewa mutum mai irin wannan murya bai kamata ya yi wa giya ado ba. Mutumin nan dai shi ne ya yi waƙar yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, wadda ake saurare da natsuwa har gobe. Masoyansa sukan ɗauki ɗaya su bar ɗaya, amma duka biyun daga baki ɗaya suka fito.

Halin nan na yaro mai tallan goro bai bar shi ba. Abin da ya samu a fili, kafin ya kai gida an raba shi tsakanin makaɗa da 'yan amshi da sanƙirori da duk wanda ya tare shi a hanya da kuka. Abin da ya riƙe da gaske shi ne gona. Manomi ne sosai a ƙasar Funtuwa, kuma yana alfahari da haka, wataƙila don ya nuna wa masu kiransa maroƙi cewa ko an daina liƙi ba zai kwana da yunwa ba.

Siyasa ce kawai fagen da bai yi nasara irin ta waƙa ba. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya, wadda Musawa take ƙarƙashinta a lokacin, cikin tsohuwar Jihar Kaduna. A Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, ya fara da GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, daga baya ya koma NPN. Da gwamnatin Janar Babangida ta kafa jam'iyyu biyu a 1989, ya shiga SDP har ya zama shugabanta na Ƙaramar Hukumar Funtuwa. Bai daɗe ba aka tsige shi, bayan ya sami saɓani da Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda shi ne jigon jam'iyyar a Jihar Katsina. Mutumin da bai yarda ya zauna ƙarƙashin sarki ɗaya ba, da wuya ya zauna lafiya ƙarƙashin uban jam'iyya.

Masu ilmin boko kuwa tun da wuri suka gane darajarsa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano, ya sami digirinsa na dokta a Jami'ar Indiyana ta Amurka da bincike a kan Shata da matsayin mawaƙin baka a cikin al'ummar Hausa da Fulani. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dokta, aka sa masa riga da hular jami'a a gaban shaihunan malamai. Tun daga ranar aka koma kiransa Dokta Mamman Shata. Yaron da aka hana waƙa don kada ya jawo wa gida abin kunya, ga shi waƙar ta kai shi inda 'yan boko ke shekara ashirin suna nema, shi kuwa bai taɓa zama a aji ba.

A ƙarshen shekarun 1990 ciwo ya kama shi. Aka kwantar da shi a Kano, aka kai shi Jidda aka yi masa aiki, ya ɗan sami sauƙi ya dawo, sa'an nan ciwon ya sake tashi. Allah Ya yi masa rasuwa ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, yana da shekara 76, makonni uku bayan soja sun miƙa mulki ga farar hula. Ba a kai shi Musawa inda aka haife shi ba, ba a kuma kai shi Funtuwa inda ya yi kusan shekara 40 ba. An bi wasiyyarsa aka kai shi Daura, garin amininsa Sarki Muhammadu Bashar, aka yi masa sutura a ranar, Sarkin yana cikin waɗanda suka sallace shi. Allah Ya jiƙansa.

A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah, bayan sun bi garuruwa suna tambayar waɗanda suka zauna da shi. Sarkin Daura Bashar ya bi shi a 2007. Faya-fayan EMI yanzu sai a hannun masu ajiyar kayan da, kaset ma ya bi sahunsu. Waƙoƙin sun koma cikin wayar hannu da intanet, ana tura wa juna daga Azare zuwa Agege cikin ƙiftawar ido, da yawansu an kwafo su ne daga waɗancan tsofaffin kaset na kasuwa, har ana jin ƙarar zaren da kuma muryar wani sanƙira a baya yana faɗin sunan mai kyauta da abin da ya bayar.